Rigar Jariri a Idon Simbiatu Mai Rini

Duk unguwar Kemta, a Abeokuta, babu wanda zai rantse ya taɓa ganin Simbiatu Aweni ta gama cin abinci a zaune. A tsaye take cin amalarta, kwano a hannun hagu, ido na kan igiyoyin shanya. In ta je gidan suna, kafin a kawo mata kujera ta riga ta shige madafa tana gyara wa masu girki wuta. Shekararta hamsin da takwas, arba'in da biyar daga ciki a bakin rini ta yi su, har hannuwanta suka rine zuwa gwiwa, irin shuɗin da sabulu ya daɗe da sallamawa. Mijinta, kafin Allah ya yi masa rasuwa, yakan ce shi dai ƙeyar matarsa ya fi sani, don kullum wucewa take yi.

Ita tana da nata bayanin. A cikin mota aka haife ta. Uwarta ta ɗauko zannuwa za ta kai kasuwa a Legas, naƙuda ta kama ta a bayan motar katako, matan da ke ciki suka kare ta da zannuwansu suka karɓi haihuwar. Aka naɗe mabiyiya a ganyen ayaba aka tura ƙarƙashin benci. Da aka sauke mai jego a wani ƙauye, hankalin kowa na kan jaririya, mota ta tashi da ƙunshin. A gidansu kuwa ba a wasa da mabiyiya. Wanke ta ake yi tas, a sa a tukunyar ƙasa, uban yaro ya binne ta da hannunsa a bayan ɗaki, ba a rage ko ɗan yanki ba, don yaron ya samu natsuwa ya san gida. Ta Simbiatu ba ta taɓa ƙasa ba. Duk sanda ta kasa zama tana yarinya, uwarta takan ce, “Ku ƙyale ta, rabinta na kan hanya.” A yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta girma ta haifi 'ya'ya biyar, ta ga jikoki tara, babu mabiyiya ɗaya da ba ita ta wanke ba, ta kuma tsaya a kan mai binnewa har sai ya daddale ƙasar.

Rinin ma a hannun uwar ta koya, zamanin ganyen baba da ruwan toka. A lokacin tukunya sai ta kwana biyar kafin ta nuna, kuma ba a sanin ta nuna sai an sunkuya an kai fuska kusa, a shinshina, a duba launin kumfa. Daga baya garin rini na kanti ya shigo, da soda mai cin hannu, aikin kwana biyar ya koma na minti goma. Matan da suka taso a kan soda daga nesa suke zuba tafasasshen ruwa, fuska a kauce, doguwar sanda a hannu. Simbiatu ta karɓi sodar, ta sa safar roba, amma sunkuyon nan bai bar ta ba. Sai ta ga kumfa da idonta take yarda.

Wata Talata cikin damina, tana kan ankon wani biki, turmi arba'in, ta tarar sodar ta sha laima ta dunƙule. Ta jefa dunƙulen a roba, ta tuttula ruwan zafi, ta sunkuya. Dunƙulen ya fashe. Abin da ta ji a idon dama, ta ce daga baya, kamar an cusa mata garwashi an riƙe.

Matan rumfunan kusa suka rugo. Wata ta ɗauko bokiti, Iya Risi ta riƙe mata hannu. Iya Risi ce maƙwabciyar rumfar Simbiatu shekara talatin, kullum suna faɗa a kan igiyar shanya, amma ba mai zagin ɗaya a gaban ɗayar.

“Kada ku kuskura ku sa ruwa!” in ji ta. “Ba ku ga abin da ruwa ya yi wa sodar a roba ba? So kuke ta tafasa a cikin idon?”

Kowa ya ga gaskiyarta, don duk sun san yadda soda ke haukacewa in ta ji ruwa. Aka kawo manja, abin da suke shafawa in ta ci musu hannu, aka ɗiga mata. Simbiatu ta yagi gefen ɗankwali ta ɗaure idon, ta koma kan aiki, don in rinin ya huce ya lalace. Sai bayan azahar 'yarta Tawa, mai koyarwa a firamare, ta biyo ta wurin, ta kwance ɗaurin, ta duba, ta fasa ihu, ta tare ɗan acaba.

A asibiti suka samu Likita Shodeinde, wata siririyar mace da ba ta girmi Tawa ba. Ko suna ba ta tsaya tambaya ba, ta kwantar da Simbiatu aka dinga kwarara ruwa a idon, leda bayan leda. Can ta ɗauko wata 'yar takarda ta taɓa gefen idon, takardar ta yi shuɗi.

“Kin gani, Mama? Har yanzu akwai soda a ciki. Sai takardar nan ta daina rinuwa za mu tsaya.”

“Ai shuɗin ma bai kama da kyau ba,” in ji Simbiatu, tana leƙe da ido mai lafiyar. “Ku bar ni in tashi haka nan, bayana ya ƙage.”

“Da ruwa kuka zuba tun da safe, ko na rijiya ne, da abin bai kai haka ba,” in ji likita.

Tawa ta juya baya tana share hawaye.

Aka ba Simbiatu gado. Kwana uku ana ɗiga magani duk bayan awa ɗaya, ita kuwa ta haddace kowane lungu na asibitin. Ta gano inda ake wankin zannuwan gado, har ta gaya wa masu wankin bilicinsu ya yi yawa. Nas-nas suka gaji da nemanta suka laƙaba mata Mama Sufeto. Ranar Juma'a likita ta haska idon a na'ura, ta daɗe tana dubawa, sannan ta jawo kujerarta kusa.

“Mama, fatar saman ƙwayar idon ta saluɓe, kuma ta ƙi tsirowa. In muka bar shi haka, murfin idon zai manne da ƙwayar, baƙin ya koma fari, shi ke nan an rasa shi. Akwai abin da za mu shimfiɗa a kai mu ɗinke, ya rufe ciwon, sabuwar fata ta samu ta tsiro a ƙarƙashinsa. Ranar Litinin da safe nake shiga ɗakin tiyata. In ta wuce, ban yi miki alkawarin Litinin ta gaba za ta same shi da sauran amfani ba.”

“Ɗinki? A ido? Da wane zare?”

“Ya fi gashin kanki siranta.”

“To ƙyallen fa? Na roba ne?”

“Tantani ne. Kin san rigar da jariri ke kwance a ciki, wadda ke fitowa tare da mabiyiya? Ita ce. In za a yi wa mace aiki a ciro yaro, mukan roƙe ta. In ta yarda a gwada jininta, mu ɓare tantanin, mu wanke, mu ajiye a sanyi. Sauran a miƙa wa maigidanta kamar kullum.”

Simbiatu ta miƙe tsaye.

“Sauran,” ta ce. “Wato ba duka ake ba shi ba.”

“Abu ne kamar ɓawon albasa, Mama. Kuma da saninsu.”

“Ɗan waye?”

“Ba a faɗa. Ni kaina lamba nake gani a jikin kwalba.”

“'Yata, kin yi karatu, Allah ya ƙara. Amma ni ba zan ɗauki rabon ƙasa na ɗan mutane in liƙa a fuskata ba. Na san abin da ke samun wanda ba a binne masa tasa ba. Ga shi nan a gabanki, ya kasa zama a kujerarki.”

Tawa ta zube gwiwa biyu a nan ofishin.

“Iya, don girman Allah. Idonki ne fa.”

“Ina da wani.”

“Da ido ɗaya za ki dinga ɗinka zane a yadi kafin rini? Da ido ɗaya za ki tsallaka titin Itoku, ke da ko da biyun ba kya duba hanya?”

“Tashi, kina ɓata siket ɗinki.”

Likita ba ta ja maganar ba. Ta bi su har gado, ta ajiye takardar amincewa a kan durowa tare da tawadar dangwala yatsa, ta ce tana jira har safiyar Litinin.

Ranar Asabar Iya Risi ta zo da ƙosai da agidi a leda. Tun Talata ba ta iya haɗa ido da kowa a Kemta ba, sai ta shigo da faɗa, don shi ta iya.

“An ce kin ƙi magani. Ke dai kan nan naki ya fi dutsen Olumo tauri.”

“Wa ya aiko ki, likitar manja?”

Iya Risi ta ajiye ledar a hankali. Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana murza gefen zaninta.

“In idon nan ya mutu, Simbi, ni na kashe shi. Da wace fuska zan dinga shanya kusa da ke?”

“Ke kika ce in sunkuya? Ci ƙosanki ki tafi, kin bar rumfa ba kowa.”

“To ki yarda mana. Yaron da ba ki sani ba, ba ki taɓa gani ba.”

“Ai shi ya sa. Da na san uwarsa da na je na ji daga bakinta.”

Ta faɗa ne don ta toshe bakin Iya Risi, amma bayan ta tafi maganar ta ƙi sakinta. Idon na zugi, hawaye na bin kunci ba tsayawa, in ta ɗaga bandeji haske ya soke ta, hannunta ma inuwarsa kawai take gani. Ta ari allura wajen wata mai jinya ta gwada zura zare da idon hagu, sau shida tana kuskurewa. Ta je bakin ƙofar asibiti da niyyar tafiya gida, ta tsaya kallon 'yan acaba, ta dawo. Ta sake zuwa, ta sake dawowa. Takardar na nan a kan durowa, ta ɗora mata kofi, ta ɗauke, ta kife ta.

Lahadi da la'asar, lokacin ziyara, ta bi wasu mata masu ɗauke da fulas da baho har ɗakin masu jego. Gadaje goma sha biyu ne, kowanne da ɗan gadon jariri a gefe. Ta tsaya a tsakiya, ido a naɗe, hannuwa shuɗi, ta yi musu barka da arziki. Sannan ta ɗaga murya.

“Wace ce a cikinku aka ɓare rigar ɗanta aka kai wa masu ido?”

Can ƙurya wata ta ɗaga hannu, da cokalinta a riƙe. Ƙaƙƙarfar mace ce mai kamar shekara talatin da biyar, an jingina ta da filo uku tana shan farfesu. Sunanta Morenike, kifi take sayarwa a Lafenwa, kwananta huɗu da aiki.

“Ni ce, Mama. Lafiya? Ba dai dawo min da ita aka yi ba?”

Matan suka fashe da dariya, masu ɗinki na dafe ciki suna wayyo Allah. Simbiatu ta ƙarasa. Ta leƙa jaririn, namiji ne, yana barci hannu a dunƙule. Ta yi masa addu'a, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, tun daga haihuwarta har takardar da ke jiranta. Morenike na ji tana kurɓar romonta.

“'Yata, tsakaninki da Allah, kin san abin da kika bayar? Ko turanci suka yi ta yi miki kika ce to don su ƙyale ki?”

“Da Yarbanci suka yi min bayani, har sau biyu. Surukata ma na wurin.”

“Ta yarda?”

“Ina fa. Na ce da ita cikin wa za a tsaga, nawa ko nata?”

“Ba kya tsoron yaron ya tashi bai san zama ba?”

Morenike ta ajiye cokali.

“Mama, ta ubansa cikakkiya aka binne, ko ƙwarzane babu, surukata har wurin ta nuna min. Shekara tara ke nan yana gindin mangwaro yana dara. In an ce ga aiki a Legas sai ya ce gida ya fi. Ni kuwa tun asuba ina bakin kogi. In wannan zai tashi da ƙafa, Allah ya sa. Ya je ya gano min abin da ke bayan gada.”

“Ba ki san abin ba ne,” in ji Simbiatu, muryarta ta yi ƙasa. “Ba daɗi. Ko a kan sallaya nake, zuciyata na bakin ƙofa. Mijina ya yi jinyar wata biyu, ban iya zaman awa ɗaya cur a gefensa ba. Ina so in zauna, ƙafafun su ƙi. Ranar da ya cika ina wajen shanya.”

Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Tawa. Morenike ta dube ta, ta matsa da ƙyar ta ba ta wuri a bakin gado. Simbiatu ta ɗosana.

“Allah ya jiƙansa,” in ji Morenike. “Ni ban sani ba ko mabiyiya ce ta yi miki haka, ko haka Allah ya yi ki. Ban yi karatun wannan ba. Amma bari in tambaye ki, kada ki ji haushi. Ni na ɗauki cikin nan wata tara. Ni aka tsaga. Aka tambaye ni, na ce a ɗauka a gyara idon wani. Yanzu ke kin zo kin ce a'a, don tausayin ɗana. Kin fi ni sonsa ne?”

“Ban ce ba.”

“To duk kwalbar da ke firijin can, uwa ce ta ce to. Ba sata aka yi ba. In kin ƙi ma ba ƙasa za ta koma ba, tana nan cikin sanyi. Yaro bai samu ba, ke ba ki samu ba.”

Ta gadon gefe ta ce, “Ki karɓa, Mama, tun kafin ta ce sai kin haɗa da kifi.”

Simbiatu ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo.

“In na ce taki nake so, ta wannan yaron?”

“Sun ce tawa sai ta yi watanni an sake gwada jinina. Ta wata za ki samu. Ki ɗauka ni ce.”

Da safe Likita Shodeinde ta tarar an dangwala wa takardar yatsa har wuri biyu, ɗaya a inda ba a nema ba. Simbiatu kuwa na tsaye a ƙofar ɗakin tiyata tun kafin a buɗe.

Allurar kashe zafi kawai aka yi mata, tana jin duk abin da ake yi. Minti arba'in aka ce kada ta motsa. Wata nas ta riƙe mata hannu, yatsun ƙafar Simbiatu kuwa suna ta aiki a ƙarƙashin mayafi.

“Ɗinki nawa kika yi, likita?”

“Goma sha ɗaya. Mama, in kina magana fuskarki na motsi.”

“Ki ja shi daidai, kada ya tattare a gefe.”

“Mama.”

“Na yi shiru.”

Kwana goma sha biyu idon ya yi a rufe. Zugin ya kwanta tun a rana ta biyu, abin da ya ba ta mamaki ya kuma ƙara mata wahala, don da zafin ya tafi babu abin da ke riƙe ta a gado sai Tawa, wadda ta ɗauki hutu ta ɓoye mata takalma. Iya Risi ta ƙarasa ankon bikin, ta aiko da zani ɗaya a gani. Simbiatu ta duba da idon hagu ta ce a gaya mata ya yi, amma da ita ce da ta ƙara tsomawa ɗaya. Ta aiki Tawa ɗakin masu jego da zanin goyo, aka ce an sallami Morenike tun Talata.

Ranar da aka cire zaren, likita ta ɗiga wani ruwa rawaya a idon, ta haska, ta yi ajiyar zuciya.

“Fata ta rufe, Mama, saura ɗan wuri kamar ƙwayar gero. Murfin bai manne ba. Akwai tabo ta ƙasa wanda ba zai tafi duka ba, kuma za ki yi watanni kina ɗiga magani. Rufe na hagun. Yatsu nawa?”

Simbiatu ta daɗe tana dubawa. Kamar ta cikin jiƙaƙƙen farin yadi take kallo.

“Uku. Matsa baya.”

“Yanzu fa?”

“Biyu. Ko ɗaya ne mai kauri.”

Tawa ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

“To ina rigar yaron?” in ji Simbiatu. “Ki ba ni abin da kika cire in tafi da shi.”

“Zare kawai na cire. Tantanin ya narke, idon ya shanye shi. Haka yake yi.”

“Duka?”

“Duka.”

Ta kai yatsa za ta taɓa idon, likita ta kama hannun ta sauke.

“Wato yana jikina.”

“Kusan haka ne.”

“To ai shi ke nan. Ranar da aka kai ni kabari, an kai shi. Zai taɓa ƙasa, jinkiri kawai ya samu.”

“Iya, wace irin magana ce wannan da sanyin safiya?”

“Na ce miki gobe ne? Yaron sai ya yi haƙuri, ina da aiki. 'Yata, yaushe zan koma bakin rini?”

“Sai bayan wata biyu, kuma da tabarau mai rufe har gefe.”

“Ɗaya.”

“Ba kasuwa muke ba, Mama.”

“Ɗaya da rabi.”

Likita ta rubuta ranar dawowa a kati. Simbiatu ta miƙa hannu, likitar ta tsallake shi ta ba Tawa.